Muryar Zuciya ko Dokar Ƙasa: Gardamar da Ta Raba Marubutan Amurka

A watan Yuli na shekarar 1846, wani mutum ɗan shekara 29 mai suna Henry David Thoreau ya shigo garin Concord, a jihar Massachusetts ta Amurka, zai je wurin mai gyaran takalmi. A hanya Sam Staples, mai karɓar haraji kuma mai tsaron kurkukun garin, ya tare shi. Thoreau ya yi shekaru bai biya harajin kai ba, kuma ba talauci ne ya hana shi ba. Cewa ya yi ba zai sa ko sisinsa a asusun gwamnatin da ta halatta sayar da ɗan Adam ba, gwamnatin da a wannan shekarar ma ta ƙaddamar da yaƙi a kan Meziko, yaƙin da mutane da yawa suka fassara da neman sabuwar ƙasa domin masu bayi. Aka kulle shi. Kafin gari ya waye wani ya biya kuɗin ba da yawunsa ba, aka sallame shi yana fushi.

Kwana ɗaya a kurkuku ba wani abin ba da labari ba ne. Abin da ya raya wannan dare shi ne laccar da Thoreau ya gabatar a 1848, wadda aka buga a 1849 a matsayin maƙala kan bijire wa gwamnati. Tambayar da ke cikinta tsohuwa ce, amma har gobe ba a gama da ita ba: idan doka ta ce ka yi, zuciyarka ta ce haram ne, wanne za ka bi? Manyan marubutan Amurka na ƙarni na 19 sun rabu gida biyu a kanta. Emerson da Thoreau suna gefe ɗaya, Melville da Hawthorne suna ɗaya gefen, kuma dukkansu sun rayu a jiha ɗaya a zamani ɗaya, wasu ma sun yi maƙwabtaka.

Tushen ɓangaren farko Ralph Waldo Emerson ne, haifaffen Boston a 1803. Limamin coci ne da ya ajiye limanci a 1832 saboda ransa bai natsu da wata ibada da aikinsa ya ɗora masa jagorantarta ba. A zamaninsa, falsafar da ake koyarwa a Jami'ar Harvard ta Bature John Locke ce, mai cewa duk abin da mutum ya sani ta ƙofofin ji da gani ya shigo masa. Emerson ya ga wannan ya ƙasƙantar da ɗan Adam. Ya jingina da ra'ayoyin Bajamushe Immanuel Kant, waɗanda suka iso masa ta hannun marubutan Birtaniya Coleridge da Carlyle, ya ce akwai wani sani da mutum yake samu kai tsaye a cikin ransa, ba sai ta hannun malami ko littafi ko al'ada ba. Ya shimfiɗa wannan a ɗan littafinsa na 1836 kan halitta, ya faɗe shi ɓaro-ɓaro a gaban ɗaliban addini na Harvard a 1838, abin da ya sa aka yi kusan shekara 30 ba a sake gayyatarsa magana a can ba. A 1841 ya fitar da maƙalarsa mafi shahara, wadda ke kira ga mutum ya dogara da kansa, ya daina kwaikwayo, ya daina tsoron a ce ya saɓa wa jama'a. Thoreau almajirinsa ne, ya ma taɓa zama a gidansa. Abin da malamin ya faɗa da baki, shi almajirin ya gwada da jikinsa.

Hujjar masu goyon bayansu mafi ƙarfi tarihi ne ya ba su ita. A 1850 majalisar Amurka ta yi dokar kamo bayin da suka gudu. A ƙarƙashinta, wanda aka zarga da cewa gudajjen bawa ne ba shi da damar ba da shaida a kan kansa. Jami'in da ke sauraron ƙarar yana samun dala 10 idan ya miƙa mutumin ga mai da'awa, dala 5 idan ya sake shi. Wanda ya ɓoye gudajje ko ya taimake shi yana fuskantar tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida. Wannan doka ta bi duk matakan da ake bi, wakilan da jama'a suka zaɓa ne suka amince da ita, shugaban ƙasa ya sa hannu. Mutanen Arewacin Amurka da suke ganin bauta matsalar Kudu ce suka wayi gari doka ta mai da su 'yan farautar mutane. Masu goyon bayan Thoreau sai su ce: to ga doka, ga kotu, ga rinjayen ƙuri'a, duk sun haɗu a kan zalunci. In ba muryar zuciyar mutum ɗaya ba, me ya rage?

Labarin Thomas Sims ya isa misali. Saurayi ne da ya gudo daga Georgia ya isa Boston, aka kama shi a watan Afrilu na 1851. Aka kewaye ginin kotun da sarƙa saboda tsoron kada jama'a su ƙwace shi, har alƙalai sai sun sunkuya ta ƙarƙashinta kafin su shiga. Babban alƙalin jihar, Lemuel Shaw, mutum ne da aka san ba ya son bauta. A 1836 shi ya yanke hukuncin da ya 'yantar da wata yarinya baiwa da uwargijiyarta ta shigo da ita Massachusetts. Amma da lauyoyin Sims suka zo gabansa, sai ya ce doka ta ɗaure masa hannu. Da asuba ɗaruruwan 'yan sanda suka raka Sims zuwa jirgin ruwa, a Savannah aka yi masa bulala a bainar jama'a. Shaw ba mugu ba ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a labarin. Zalunci irin wannan ba ya tafiya sai da mutanen kirki masu cewa aikinsu kawai suke yi.

Thoreau ya riga ya amsa wa irin su Shaw tun kafin a kama Sims. A maƙalarsa ya yi jayayya da William Paley, masanin Ingila da ake karanta littafinsa a jami'o'in lokacin, wanda ya koyar da cewa biyayya ko tawaye lissafi ne: a auna cutarwar zaluncin da cutarwar tayar da hankali, a ɗauki mai sauƙi. Thoreau ya ce akwai wuraren da lissafi ba ya shiga, ya kawo misalin wanda ya ƙwace katako daga hannun mai nutsewa a ruwa, wanda dole ya mayar ko da shi ne zai nutse. Bai kuma tsaya a rubutu ba. Gidan mahaifiyarsa mafaka ne ga masu gudu, shi da kansa ya raka wasu tashar jirgin ƙasa suka nufi Kanada. A 1854, da aka jera sojoji a titunan Boston don a mayar da Anthony Burns hannun ubangidansa a Virginia, Thoreau ya hau mumbari ranar 4 ga Yuli a garin Framingham ya ce jiharsa ta zubar da mutuncinta.

Ana iya ƙara musu da abin da jihar ta gani tun da daɗewa. A 1692, a garin Salem, kotu ta rataye mutum 19 bisa zargin maita, da amincewar manyan gari, kuma ɗaya daga cikin alƙalan kakan-kakan Nathaniel Hawthorne ne. Jama'a ma tana haukacewa gaba ɗayanta. Ga kuma Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta a 1838 ya buga tarihin rayuwarsa a 1845. Koyon karatun da ya yi a ɓoye saɓa wa ubangidansa ne, gudunsa kuma a idon doka sata ce, domin ya sace kansa. Wa zai iya duban idon Douglass ya ce da ya jira majalisa?

Sannan su nuna 'ya'yan da itacen ya yi. Gandhi ya karanta maƙalar yana Afirka ta Kudu, ya buga sassanta a jaridarsa a 1907. Martin Luther King ya gamu da ita yana ɗalibi a kwalejin Morehouse, ya kuma ce ta yi masa tasiri a ƙauracewar motocin haya ta Montgomery, wadda ta ɗauki kwana 381 daga Disamba 1955. Ta hanyar Gandhi wannan salo ya kai wurare masu nisa. Malam Aminu Kano ma ba ya ɓoye sha'awarsa ga hanyar Gandhi ta tsayawa a gaban mai mulki hannu rabbana.

To, ɗaya ɓangaren fa? Sukar da aka fi yawan ji ita ce mafi rauni, don haka zan wuce ta da sauri. Ana cewa zaman kaɗaicin da Thoreau ya yi a bakin tafkin Walden, daga 4 ga Yuli 1845 zuwa Satumba 1847, wasan kwaikwayo ne: filin na Emerson ne, tafkin bai kai mil biyu daga gari ba, kuma yana yawan leƙawa gida ya ci abinci. Duk gaskiya ne. Sai dai a littafinsa Walden na 1854 shi da kansa ya faɗi cewa yana shiga gari a kai a kai, ya lissafa kuɗin da ya kashe a kan bukkar, dala 28 da 'yan kai. Gwaji ya yi don ya ga iyakar abin da mutum yake buƙata. Cin tuwon mahaifiyarsa bai ƙaryata abin da ya faɗa a kan bauta ba.

Suka mai nauyi tana cikin rubutun Emerson kansa. A maƙalar dogaro da kai akwai wurin da ya nuna ƙyashin sadakar da yake bai wa matalautan da ba ya jin nasa ne, akwai kuma wurin da ya ce a shirye yake ya juya wa iyaye da 'yan'uwa baya idan kiran da ke cikinsa ya zo. Mai karatu da ya tashi a inda zumunci yake a ƙafa, inda ake auna mutum da yadda ya riƙe danginsa da maƙwabtansa, dole ya ja numfashi a nan. Ni ma na ja. Emerson yana wannan magana ne da kuɗin gadon matarsa ta farko, wadda ta rasu a 1831, a aljihunsa, yana da gida da iyali masu kula da shi. Mai dogaro da kansa irin wannan, mutane da yawa ne suke tallafe da shi ba tare da an ambace su ba. Kuma falsafar da ta ce kowa ya tsaya da ƙafarsa tana da sauƙin juyewa ta zama hujjar mai wadata a kan mabuƙaci, ya ce masa talaucinka laifinka ne.

Akwai wani abu a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Emerson ya ƙaunaci mawaƙan Farisa, Sa'adi da Hafiz, ya karanta su ta fassarar Jamusanci, har ya rubuta gabatarwa ga bugun Amurka na littafin Sa'adi, Gulistan, a 1865. Ya ɗauki maganar hasken zuciya daga irin wannan rijiya. Amma a al'adar da ta haifi waɗannan mawaƙa, ba a sakar wa zuciya linzami haka kawai. Ana maganar tarbiyya, da shehi mai lura da almajiri, da iyakokin shari'a, domin an san cewa abin da mutum yake ji a ransa yana iya zama haske, yana kuma iya zama son zuciya da ya yi shigar haske. Emerson ya ɗauki amincewar ya bar tsantsenin. Ya taɓo tambayar ko muryar daga sama take ko daga ƙasa, ya wuce ta da gadara, bai ba da ma'aunin bambancewa ba.

Wanda ya ga wannan giɓi da idon basira shi ne Herman Melville. Ya saurari laccar Emerson a Boston a 1849, ya yaba zurfinsa amma bai sallama masa ba. Melville ya san duniyar da mutanen Concord ba su sani ba, domin a 1841 ya hau jirgin farautar manyan dabbobin teku, waɗanda ake narka kitsensu a sami man fitila, ya ga abin da ikon mutum ɗaya yake zama a tsakiyar ruwa. Littafinsa Moby-Dick, na 1851, labarin Ahab ne, kyaftin ɗin jirgin Pequod, wanda wani farin ƙaton kifi ya cire wa ƙafa. Ahab shi ne mutumin Emerson da aka kai shi ƙarshen hanyarsa. Yana da basira da ƙarfin hali, ba ya kwaikwayon kowa, ba ya tsoron kowa, ya kuma gamsu cewa shi kaɗai ya gane mugun abin da ke ɓoye a bayan halitta. Ya buga tsabar zinariya a jikin sandar jirgi ya ce ta wanda ya fara hango kifin ce, ya sa ma'aikatansa suka yi rantsuwa, ya mai da tafiyar neman abinci ta zama ta ɗaukar fansarsa. Tun a farkon littafin Melville ya sa wani mai wa'azi ya kawo ƙissar Annabi Yunusa, wanda ya tuba a cikin kifi ya tsira, domin mai karatu ya riƙe ta yana kallon mutumin da ba zai taɓa tuba ba.

Wurin da ya fi taɓa ni yana dab da ƙarshe. Pequod ta gamu da wani jirgi mai suna Rachel, kyaftin ɗinsa ya hau yana roƙon Ahab ya taya shi neman ƙaramin ɗansa da ya ɓace a teku tare da kwale-kwalensu. Kwana biyu kawai ya nema, ya ce zai biya. Ahab, wanda shi ma uba ne, ya ƙi, saboda ya ji kifin yana kusa. Bayan kwana uku ana fafatawa, kifin ya fasa jirgin, kowa ya nutse sai mai ba da labarin, Ishmael, kuma jirgin da Ahab ya juya wa baya shi ya tsamo shi. Melville ya sadaukar da littafin ga abokinsa Hawthorne, wanda ya zauna 'yan watanni a gonar tarayya ta Brook Farm a 1841 ya fito ba tare da ya yarda cewa kyakkyawar niyya tana gyara ɗan Adam ba. A littafinsa na 1852 da ya samo daga wannan zama, mai kishin gyara masu laifi ne ya tattake mutanen da suke ƙaunarsa.

Masu wannan ra'ayi su ma suna da tarihi a hannunsu, kuma yana da ɗaci. A 1856, a Kansas, John Brown da mutanensa suka fito da mutum biyar daga gidajensu da dare suka kashe su da sunan yaƙi da bauta. A Oktoba 1859 ya kai hari ma'ajiyar makamai ta Harpers Ferry, kuma mutumin farko da aka kashe baƙar fata ne mai 'yanci, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, Heyward Shepherd. Mako biyu bayan harin Thoreau ya tara mutanen Concord ya kare Brown da dukkan ƙarfinsa. Wato mutumin da duniya ta sani da gwagwarmayar lumana ya sa wa bindiga albarka da ya ga manufarta ta yi masa. Ranar 2 ga Disamba da aka rataye Brown, cikin masu kallo akwai wani ɗan wasan kwaikwayo, John Wilkes Booth, wanda a 1865 ya harbe Shugaba Lincoln yana ganin kansa mai kawar da azzalumi. A Yuni 1963 gwamnan Alabama, George Wallace, ya tsaya a ƙofar jami'ar jihar don ya hana ɗalibai baƙar fata biyu shiga, ya bijire wa umarnin kotu. Kowane ɗayansu zai iya rantsuwa cewa zuciyarsa ya bi. Idan jin tabbaci a rai shi ne lasisin karya doka, to an bai wa Booth da Wallace lasisi ɗaya da na King, kuma fitinar da za ta biyo baya ba za ta tambayi wanda ke da gaskiya ba.

Masaniyar falsafar siyasa Hannah Arendt ta ƙara wata suka a 1970. A ganinta damuwar Thoreau ita ce ya wanke hannunsa, kada ya zama abokin tarayya a laifi, abin da ya shafi tsarkin kansa fiye da gyaran ƙasa. Ƙin biyan harajinsa bai 'yantar da bawa ko ɗaya ba. Abin da ya yi aiki a Indiya da Montgomery shi ne dubban mutane da suka yi shawara, suka tsara, suka jure tare. Shi kuwa Thoreau ba ya shiga ƙungiya, yana ma raina ƙuri'a. Bautar da ta riƙe kusan mutum miliyan 4 a 1860 ta ƙare ne bayan yaƙin basasar da ya ci rai sama da 600,000, da kuma gyaran tsarin mulki na 1865, wato da ƙarfin gwamnatin nan da ya ƙi ba wa haraji.

Duk da haka, wanda ya ɗauki Moby-Dick a matsayin wa'azin biyayya bai karanta shi da kyau ba. A jirgin akwai Starbuck, mataimakin kyaftin, mutum mai tsoron Allah da hankali, wanda ya gane tun farko cewa Ahab zai hallaka su. Ya yi magana, aka tsawata masa, ya yi shiru. Wata rana ya tsaya da bindiga a ƙofar ɗakin Ahab yana barci, ya auna, ya mayar da ita wurinta. Ban ce da ya harbe shi ba. Amma tsakanin kisa da sallamawa akwai hanyoyi da yawa da bai bi ba, kuma biyayyarsa tana cikin abin da ya nutsar da jirgin. Ya kamata a san cewa alƙali Shaw surukin Melville ne, mahaifin matarsa, kuma a watannin shari'ar Sims Melville yana tsakiyar rubuta wannan littafi. Ya san mutumin kirki mai sunkuyawa ta ƙarƙashin sarƙa, ya san shi a cikin gida.

A nan nake ganin littafi na uku ya fi ɓangarorin biyu hangen nesa. Mark Twain ya taso a Missouri a tsakiyar masu bayi, ya fitar da Huckleberry Finn a Ingila a 1884, a Amurka a 1885. Huck yaro ne mara galihu da ya bi kogin Mississippi a kan gadon itace tare da Jim, bawan da ya gudu. Abin da ke damun Huck a tafiyar shi ne zuciyarsa tana ta zarginsa da sata, tana ce masa ya cuci tsohuwar da ta mallaki Jim wadda ba ta taɓa yi masa laifi ba. Muryar da yake ji a ransa, wadda yake ɗauka ta Allah ce, muryar garinsu ce da ta shige shi tun yana ƙarami. Har ya rubuta wasiƙar tona asirin Jim, ya ji sakayau kamar an wanke shi daga zunubi. Sai ya fara tunowa: yadda Jim yake karɓar masa gadi ya bar shi ya yi barci, yadda ya yi murna da ya gan shi bayan sun rabu a cikin hazo, yadda ya kira shi abokinsa tilo. Ya yayyaga wasiƙar, yana mai imani cewa ya zaɓi wuta ke nan. A shekarar 1885 ɗakin karatu na garin Concord ya cire littafin daga kantocinsa bisa cewa ba shi da tarbiyya.

Wannan babi ya rushe ginin Emerson ta inda Melville bai taɓa ba. Ba a ware zuciya daga al'ummar da ta rene ta; mutum yana iya shiga daji shi kaɗai ya saurari ransa, abin da zai ji ya kasance tsohon karatun unguwarsu. Ya kuma rushe ginin Shaw, domin da Huck ya bi doka da tarbiyyar garinsu da ya sayar da abokinsa. Abin da ya cece shi zama ne da wani mutum har ya san shi, ya ci da shi, ya ji labarin 'ya'yansa, ya taɓa wulaƙanta shi ya ba shi haƙuri. Shi ne ainihin abin da Ahab ya rufe wa ido da uban yaron nan ya tsaya a gabansa.

Saboda haka hukuncina ya rabu, kuma ba rabin-da-rabi ba ne. A matsayin falsafa, ban karɓi koyarwar Emerson ba. Jin tabbaci a rai ba hujja ba ne, Melville da Twain sun nuna haka fiye da yadda wani masanin falsafa ya nuna. A matsayin aiki kuwa, Thoreau na 1846 da na 1854 yana da gaskiya, kuma gaskiyarsa ba ta rataya a kan koyarwar malaminsa ba. Ya tsaya ne saboda mutanen da ake daure wa da sarƙa, ba don wani miki nasa ba. Ya yi abinsa a fili, ya faɗi dalilinsa da harshen da kowa zai iya aunawa ya ƙaryata. Kuma da hukunci ya zo, shi ya shiga kurkukun, bai tura wani ba. Ahab ya faɗi a duk waɗannan, Booth ya harba ya gudu, Wallace ya tsaya ne don ya danne na ƙasa da shi. King kuwa ya ci su duka, shi ya sa wasiƙarsa ta 1963 daga kurkukun Birmingham ta fi maƙalar Thoreau cika, domin ya ƙara sharaɗin karɓar hukunci da yardar rai a matsayin girmama doka. A kan John Brown, ina ganin Thoreau ya yi gaggawa: manufar daidai ce, amma jinin daren Kansas da na Shepherd ba a share shi da kyawun manufa.

Tsoron fitina tsoro ne na gaskiya, ban kuma ɗauki Lemuel Shaw ƙaramin mutum ba. Amma a ranar da Thomas Sims ya tsaya a gabansa, Shaw ya yi kuskure, kuma zaman lafiyar da ya saya da saurayin, shekara 10 kacal ya yi kafin yaƙi ya ɓarke a 1861. Sims ya sake shekara 12 a bauta, sannan ya tsere da ƙafarsa a 1863. Majalisar Amurka ba ta soke dokar kamo bayi ba sai a 1864, shekara biyu bayan tarin fuka ya kashe Thoreau yana da shekara 44.